Rumbun Ƙasar Suri

A wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, wanda sunansa ya kuɓuce mini yanzu, an yi wani manomi ana ce masa Maiwada. Zamanin ya daɗe, tun ana kai gero Kano a kan jakuna, ba a san da Turawa ba. Matarsa Hansai, 'yarsu ɗaya Hure, mai shekara tara.

Wata magariba ta kaka, Maiwada yana alwala a tsakar gida, Hansai tana kwashe tuwo, Hure kuwa tana bin gindin danga tana kama gyare, kamar yadda ta tsiri yi a kwanakin nan. Sai tsuntsaye suka yi tsit. Wani hogen jar ƙasa ya faɗo cikin akushi. Wani ya biyo baya, ya fasa tulu. Maiwada ya leƙa waje, babu kowa. Da ya juyo sai ya ga shinge, garar nan mai fiffike, na fitowa daga jikin sabon rumbunsa, alhali shinge sai farkon damina.

Nan ya tuna inda ya samo ƙasar rumbun.

A ƙarshen gonarsa akwai wani suri, gidan gara da ya fi mutum tsayi, sabara da kalgo sun kewaye shi. Kurege na hawa kansa ya sha hantsi, tunku na ratsawa ta ramukansa. Mahaifin Maiwada bai taɓa kai garma wurin ba, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. A shekarar nan gero ya yi kyau, tsohon rumbu ya tsage, ƙasar suri kuwa ta fi kowace danƙo. Maiwada ya sa gatari ya sare shi. A gindin akwai bushiya da 'ya'yanta, gatarin ya riga ya sauka a kansu kafin ya gani. Ya ture su da ƙafa ya ci gaba. Hure, da ta kai masa fura, ta daɗe tsugune a wurin.

A magariba ta uku da fara jifan, Hure ta faɗi. Ba ta yi ihu ba. Ta dunƙule, kai cikin gwiwa, hannuwa a ƙirji. Maiwada, ƙato mai ɗaukar damin gero biyu, ya kasa miƙe ko ɗan yatsanta. Kwana huɗu, ko biyar ne, ba ci ba sha.

"Maigida, yarinyar nan ƙarewa take yi," in ji Hansai. "Ka tafi Gaya."

Ya dawo da Malam Tukur, wani tsoho siriri mai magana a hankali. Bayan la'asar malamin ya zauna kusa da yarinyar, ya yi ta karatu har inuwar rumbu ta kai bakin ɗaki. Sai wata murya ta fito daga cikin dunƙulen, muryar tsohuwa, busasshiya.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai suri. A can kakan wannan ya same ni. Ya rushe mini gida ya zuba gero a ciki. Ya kashe mini dabbobi ya ture da ƙafa. Ko akuyarsa aka yi wa haka zai yi shiru?"

Maiwada ya sunkuyar da kai.

"An zalunce ki," in ji Malam Tukur. "Amma ba yarinya ce ta riƙe gatari ba."

"Ya raba ni da nawa, na riƙe nasa. In yana so, ya yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Nemi wani abin."

"To, na riƙe ta."

Hansai, da ke bakin ƙofa, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wata ƙwarya, ta ajiye gaban malamin, ta buɗe. Ɗan bushiya ne a ciki, ƙayarsa ba ta gama ƙwari ba, ga ƙafafun gyare a gefensa.

"Malam, a ƙarƙashin gadonta na tsince shi," ta ce. "Ashe shi take kama wa gyare. Tun da ta kwanta ni nake ba shi."

Malam Tukur ya matsar da ƙwaryar kusa da kan Hure. "Duba nan. Wadda ta raya miki maraya kike kashewa?"

 Ɗan bushiyar ya fito da hancinsa yana sunsuna gashin yarinyar.

"Ƙasata," muryar ta ce, ta yi sanyi yanzu. "A mayar mini duka. A kansa zai ɗauka, ba jaki ba. Wannan kuma a kai shi gida."

Maiwada ya dubi rumbun, abincin shekara cike a ciki. "Malam, geron fa? Gara da gafiya..."

Malam Tukur ya juya ya dubi Hure.

Maiwada ya ɗauko gatarin nan. Sara na farko a jikin rumbun, yatsun yarinyar suka saki. Kwana uku yana jigilar ƙasa a kwando, maƙwabta na kallo, ba mai ikon taya shi. Geron da aka tara a fili, rabinsa gara ta ci. Da kwandon ƙarshe ya tafi da ƙwaryar, ya tsuguna a gindin sabara ya karkata ta. Ɗan bushiyar ya shige cikin ciyawa.

Ya iso gida ana kiran magariba. Tsuntsaye na ta hayaniya a kan tsamiya. Hure tana zaune jingine da mahaifiyarta, ƙoƙon kunu a hannu.

"Baba," ta ce, "ka sa shi a inuwa?"

"A inuwa na sa shi."

Shekarar sun ci da ƙyar. Surin kuwa ya sake tashi, na gan shi da idona a wata tafiya da na yi ta wajen, kurege a kansa. Masu gonar suna juya garma tun da sauran taku goma.