Ƙanƙara Mai Ƙarni

Washegarin Arfa, Sufeto Hashimu ya tsaya a kan tankunan da Talal ke kiwon 'ya'yan kifin salmon a bayan garin Makka, ransa a ɓace. Kifin ƙasashen sanyi ne, ga shi zafin bana ya fi na bara. Duk sun mutu, sun yi ciki sama.

"Wuta ce ta ɗauke, na'urar sanyaya ruwa ta tsaya," in ji Talal. "Muka buɗe firiza mu zuba ƙanƙarar da muke ajiyewa, wayam. Salihu mai gadi ne ya sace, ya ustaz. Ko iƙama ba shi da ita."

Hashimu ya harare shi. Wa ya tambaye shi zancen takardar zama? Da wannan kalmar kaɗai, korar Salihu daga ƙasar ta kusa.

Ya duba ƙwaɗon firizar, lafiya lau yake. Ya juya wurin Salihu, wani tsoho da ke tsaye a gefe.

"Kana da mabuɗi, Baba?"

"Ba ni da shi," in ji Salihu, kansa a ƙasa. "Amma ni na ɗiba. Halas, shi ke nan."

"Ta ina, ta hanci?"

Hashimu ya ji kamar ya kama tsohon ya jijjiga.

Ya leƙa cikin firizar. Buhunan abincin kifi ne jibge a gefe, ƙarni ya buge shi. Sai ya tuna: jiya yana bakin aiki a hanyar Muzdalifa, wata dattijuwa ta miƙo masa ruwan sanyi na sadaka, ya sha yana yamutsa fuska saboda wannan ƙarnin.

"Wa ke raba wa alhazai ruwa a gidanku?"

"Ba kowa," in ji Talal da sauri. Hashimu ya sa aka kai Salihu ofis ya jira shi.

A unguwar Jarwal, Hashimu ya tarar da kuloli jere a zauren gidan su Talal, ba a ko wanke su ba. Hajiya Maryama, mahaifiyar Talal, ita ce dattijuwar jiya, ta gane shi nan take.

"Ni na ɗauki mabuɗin, ya waladi. Ƙanƙara ta yanke a kasuwa, baƙin Allah suna zubewa a titi. In bar ta wa kifi?"

"Talal ya sani?"

"Shi ya ce in yi shiru, abokan kasuwancinsa za su kai shi ƙara. Wai Salihu zai ɗauki laifin, a sake shi gobe."

Ta yafa mayafi ta shiga mota da kanta, aka sa Talal a baya saboda ƙarar ƙarya.

A ofis Hashimu ya ruga don ya sallami Salihu, ya tarar da bencin da aka zaunar da shi ba kowa.

"Jami'an jawazat, na shige da fice, sun tafi da shi, sidi," in ji kofur. "Rahoton safe ya ce ba shi da iƙama."

Hajiya ta dubi ɗanta.

"Ka ce gobe za a sake shi."