Mutumin Da Ya Jira A Ce Ya Shuka

A wani zamani can, an yi wani mutum da ya yi furfura cikin bauta. Da aka 'yanta shi, sai ya hau wani ƙauye a kan dutse, mutanen wurin suka yanka masa gona.

Ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita da irin accarsa, shi kuwa ya tsaya a bakin gona yana jira a ce ya fara. Gari ya waye yana jira, rana ta faɗi yana jira. Ƙasa ta soma bushewa.

Wata tsohuwa ta zo wucewa. Ya durƙusa ya ce, "Iya, in shuka?"

Ta ce, "Gonar wa?"

Ya ce, "Tawa."

Ta ce, "To, tambayi mai ita." Ta wuce abinta.

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Dubi ƙato, mai gona guda, yana roƙon izini a bakin hanya!" Sai ya daka wa kansa tsawa, "Tashi, malalaci!" Ya kama shuka.

Da rana ta take, ya ce wa kansa, "Ranka ya daɗe, na gaji."

Can ya amsa wa kansa a hankali, "Je ka inuwa ka huta. Sauran sai la'asar."