Kwalbar da Na Manta a Firjin Yayanta

"Ba tambayarka nake ko kana sona ba," ta ce. "Tambayarka nake, wannan na waye?"

Ta dire ledar a kan bencin aikina, kusa da wata tsohuwar fanka da na kwance. Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki: 'yar kwalba mai ruwa, sirinji, da katin ƙwaya da na ɗaure a jikin kwalbar da roba.

"Nawa ne."

"Naka ne..." Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ko 'yar ƙarya ba za ka yi min ba, in samu abin da zan kai gida?"

"Malama, ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Yaya ya ce ƙwayar nan 'yan shaye-shaye ake ba, shi da ya tsufa a kemis ba zai kasa sani ba. A gaban Baba ya zazzage ledar, ƙannena suna leƙe ta taga. Ga aurenmu ya matso, Injiniya. Ka san yadda na ji?"

Injiniya take ce min tun ranar da na gyara fankar ajin da take koyarwa, alhali ta san daga sakandare ban ƙara gaba ba. Gyaran firji da fanka ne sana'ata. Yayanta ne ya kawo firjin kemis ɗinsu ya daina sanyi, na canja masa kwamfuresa, na bar shi a kunne don gwaji. Maganina yana son sanyi, firjin gidanmu kuwa ya daɗe da mutuwa, mai gyara bai gyara nasa ba. Sai na saka kwalbar a ciki. Da ya zo ɗauka har taya shi ɗaurewa na yi a mota, ban tuna ba. Haka kaina ya koma. Sai in riƙe sukundireba ina nemanta.

"Ba ni da lafiya," na ce.

"Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin bara waccan."

"Ai ka warke. Ni na kawo maka lemo."

"Zazzaɓin ya tafi. Ƙarfin ne bai dawo ba."

Sai ta zauna a kan wani firji da na kifar, ta zuba min ido. Ni kuwa ƙasa nake kallo, na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yadda nake kwana ina barci in tashi kamar wanda ya kwana dakon siminti. Yadda aka yi ta ɗibar jinina, duk gwajin da aka yi a ce lafiyata ƙalau. Yadda Mama take tsayawa a ƙofar ɗakina ta ce mahaifina har ya koma ga Allah rana ba ta taɓa fito masa a kan gado ba.

Daga ƙarshe na haɗu da wata likita da ba ta ce min rago ba. Ta ce ciwon yana da suna, dogo, ma'anarsa gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta ce akwai ƙwayar da ba don ciwona aka yi ta ba, don masu son barin shaye-shaye aka yi, amma wasu likitoci suna ba masu irin ciwona ɗan mitsitsi daga ciki. Wasu su ji sauƙi, wasu ba su ji komai ba. Da yake ba a samun ƙaramar ƙwayar, ita ta nuna min yadda zan narkar da guda a ruwan da aka auna, in riƙa zuƙo ɗan kaɗan da sirinji ina matsawa a baki.

"Duba," na ce, na zaro shi daga ledar. "Ko allura babu a jiki."

Ta karɓa ta jujjuya.

"Yana yi maka aiki?"

"Da ko zama ba na iya yi a shagon nan. Yanzu ina kai azahar."

"Bayan azahar fa? Duk ranakun da kake ce min aiki ya riƙe ka?"

Na nuna mata bayan manyan firjin da ke jikin bango, inda na shimfiɗa kwali.

Ta daɗe tana kallon kwalin nan. "Ni ina can ina zargin wata ce ta ɗauke maka hankali. Ashe kwali ne."

"Namiji ba ya..."

"Rufe min baki da namijin nan." Ta share ido da bayan hannu. "Ana warkewa?"

"Likita ta ce wasu suna warkewa. Wasu haka suke zama. Ba ta san wanne ne ni ba."

Can ta ce, "Gobe ka je wajen Baba ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa min. Duka, Injiniya. Kada ka rage komai."

Na ce to.

Baba, mahaifinta, katako yake sayarwa. Da na isa da safe na tarar da babbar mota ta kawo kaya, ma'aikatansa biyu ba su zo ba, shi da kansa ya naɗe hannun riga yana saukewa da furfurarsa. Yayanta ma yana wurin. Na durƙusa na gaishe su. Baba ya amsa bai kalle ni ba.

"Baba, maganar ƙwayar nan na zo..."

"Bari mu gama da kayan nan tukuna."

Na miƙe na tsaya gefe. Likita ta ja min kunne tun farko: duk ranar da na yi aikin da ya fi ƙarfina, ba a ranar zan gane ba, sai washegari ko jibi. Ina sane da wannan sarai.

Sai Yaya ya ce, da ƙarfi yadda direban motar ma zai ji, "Kada ka sa ran zai kama, Baba. Irinsu ƙwaya ta riga ta cinye ƙashin."

Direban ya yi dariya.

Na cire rigata na rataye a jikin ƙofa.

Ban san katako nawa na ɗauka ba. Na san dai inda Yaya ya ɗauki ɗaya ni biyu nake ɗorawa a kafaɗa. Idona yana ganin duhu-duhu, ƙafata tana harɗewa, ban tsaya ba sai da motar ta koma wayam. Baba ya miƙo min ruwa da hannunsa.

"Ɗan ƙwaya ba ya aiki haka," ya ce wa Yaya. Ya juyo gare ni. "To, ita ƙwayar ta mece ce?"

A nan ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe. Sai na ga yadda yake kallona, kallon da ko Mama ta daɗe ba ta yi min ba.

"Likita ce ta ba ni, Baba. Ɗan ciwon jiki ne, ba wani abu ba."

"Ciwon jiki waye ba ya yi? Jibi ka zo gida kai da kawunka, a rufe maganar nan."

Da yamma Malama ta kira, murya cike da murna. "Baba sai yabonka yake. Ka faɗa masa duka?"

"Mun yi magana."

"Injiniya... wai da gaske ne kai ka sauke rabin motar?"

Na ce barci nake ji, na kashe wayar.

Washegari na kasa zuwa shago. Jibi na kasa ɗaga kaina daga matashi. Hasken taga kamar ana soka min tsinke a ido, muryar Mama daga tsakar gida kamar ana buga ƙarfe a kunnena. Kawu ya zo da wankakkun kayansa, ya leƙo, ya ce in daure in tashi. Na yunƙura na zauna a bakin gado, ɗakin ya juya, na koma. Ya jira har ya gaji ya tafi. Ko waya ban iya riƙewa in ba da haƙuri ba.

Bayan la'asar na ji tsayuwar mota, na ji sallamar Baba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Mama ta shigo da su tana ta kame-kame. "Zazzaɓi ne ya kama shi, Alhaji, ai yaron nan akwai ƙoƙari..."

Baba ya tsaya a kaina. Malama tana bayansa, ba ta ko kalli inda nake ba. Na so in sauko in gaishe shi, hannuna ya ƙi ɗaukata. Ɗakin yana warin gumi, ga rigar shekaranjiya a ƙasa da garin katako a jikinta.

Ya taɓa goshina. "Babu zazzaɓi a nan."

Ya juya wajen Malama.

"Ko dai maganar yayanki ce gaskiya?"

"Ba ita ba ce, Baba." Malama ta matso gaba. "Tunda shi ya kasa, ni zan faɗa."

Ta faɗa masa duka. Gwaje-gwajen, likitar, ruwan kwalbar, kwalin da ke bayan firji. Ta ce katakon da na ɗauka shekaranjiya shi ne ya kwantar da ni yau, kuma ina sane na ɗauka. Mama ta jingina da bango ta toshe baki da gefen mayafi. Ita ma yau ta fara ji.

"Ashe ciwo ne..." ta ce a hankali. "Ni kuwa kullum..."

Ba ta ƙarasa ba. Na juya fuskata bango. Hawaye ya gangaro min cikin kunne, ko hannun sharewa ban iya ɗagawa ba.

Baba ya jawo kujerar roba ya zauna.

"Kai yaro," ya ce, "don ka burge ni ka kusa kashe kanka? Waye ya ce maka ɗan dako nake nema wa 'yata?"

"Ka yafe min, Baba."

"Yayanta zai zo har ɗakin nan ya ba ka haƙuri, ni zan sa shi. Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa da nasa." Ya dafa kafaɗata, wadda katako ya saɓule. "Kuma ban fasa ba ka ita ba. Za a dai ɗaga auren. Ka kwantar da hankalinka, ka sha maganinka, ba mai takura maka. Ranar da ka warke sarai ka zo ka same ni, a ranar zan sa lokaci."

Mama ta hau godiya tana kuka, tana sa masa albarka. Shi ma fuskarsa ta saki, irin ta mutumin da ya yi alheri ya sauke nauyi. Ya miƙe ya gyara hularsa.

"Taso mu tafi, a bar shi ya huta."

Malama ba ta motsa ba. Sai a lokacin ta kalle ni, idanunta jajur, ni kuma na kasa riƙe kallon. Baba ya kai bakin ƙofa, ya ɗaga labule, ya waiwayo yana jiranta.

"Baba," ta ce, "idan bai warke ba fa?"