Ashirin Ba Biyu

Kafin jinin da ke gindin falwaya ya bushe, magana ta riga ta zagaye unguwa cewa Mai Waya, ma'aikaciyar ofishin kiran gaggawa, ita ce ta kashe Baba Jiniya. Wai tana amsa kiran gaggawa tana yanke farce. An ce mata layi na ashirin ba biyu, wato sha takwas a ƙirgar tsofaffi, ita kuwa ta tura motar asibiti layi na ashirin da biyu. Tsakanin layukan nan akwai ƙatuwar kwata, sai an zagaya ta gada. Kafin motar ta gane hanya, tsohon ya cika.

Insfekta ta ji labarin daga bakin kowa, ba wanda ya ƙara, ba wanda ya rage. Abin da ya dame ta ke nan. Ta daɗe a aikin nan, ba ta taɓa ganin gaskiya ta zo mata a wanke a goge haka ba.

An riga an dakatar da Mai Waya daga aiki, samari sun farfasa mata tagogi. Idan rahoton Insfekta ya ce sakaci ne, kotu za ta nufa.

Da suka isa layin da Saje, ba wanda ya matsa musu a kan benci.

"Me kuma za ku bincika?" in ji wani mai shago. "Ga ku can kun ɓoye makashiya a ofis kuna mata fifita."

"In ka gama yanke hukunci, ka ara mini kujerar alƙalancin in zauna," in ji Insfekta.

Ta tsaya gindin falwayar. Hukumar birni ta ba kowane layi lamba, ta ce mutanen layin su zaɓi suna a kafa allo. Baba Jiniya, tsohon direban 'yan kwana-kwana, shi ne shugaban kwamitin sunan. Ya hau tsani zai ɗaura allon ne ya faɗo.

Ta durƙusa. Sawun ƙafafun tsanin bai zame baya ba, yadda tsani ke yi in ya kuɓuce. Gefe ya ja, kamar an fizge shi.

"Saje, ina allon?"

Saje ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sai waya kawai ke lilo a jikin falwayar.

Kafinta ne ya kira motar, shagonsa na kallon falwayar. Suka same shi yana shara, idonsa ja.

"Ranki ya daɗe, tamkar ubana ne wannan tsohon. Na durƙusa a kansa, hannuna ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya da waya. Na ce mata ashirin ba biyu. Na maimaita. Amma wadda kunnenta ke wajen hira, ai ko ganga ka kaɗa mata ba za ta ji ba."

"Ka ga faɗuwarsa?"

"Ƙara kawai na ji."

"Allon fa?"

"Wane allo? Wataƙila masu gwangwan sun yi gaba da shi. Layin nan ko takalmi ka ajiye sai ka tsare."

"Me ya hana ku sa shi a mota ku kai shi da kanku?"

"Ni na hana. Ba a ɗaga wanda ya faɗo da ka, kowa ya sani."

Insfekta ta gyaɗa kai. Wannan kam gaskiya ce, kuma ta san maƙaryaci mai wayo da gaskiya yake yi wa ƙaryarsa katanga.

A ofis, Mai Waya na zaune ta haɗe rai, ta ƙi ko taɓa ruwan da aka ba ta.

"Kun gama rubuta laifina, ko sai na taya ku?"

"Ki rage mini zafi, baiwar Allah. Me aka ce miki?"

"Ashirin da biyu. Na sake tambaya, ya ce e. Ni ma kaka ce ta raine ni, na san ba biyu, na san babu ɗaya. Ba yau aka haife ni ba."

Aka kunna muryar kiran da na'ura ta naɗa. Ana jin namiji yana cewa "ashirin," ana jin "biyu," amma abin da ke tsakani ya nutse a cikin wani irin kuka mai tsinka kunne.

"Ba a ji ba, ranki ya daɗe," in ji Saje. "Maganarta da maganarsa ke nan."

"Kai kana sauraron mutumin. Sake kunnawa ka saurari abin da ya rufe shi."

Saje ya kasa kunne. "Injin yankan katako."

"Daga gindin falwaya, inji zai yi ƙara haka har ya cinye muryar mai magana?"

"Sai dai in yana tsaye a jikinsa."

Matar mamacin ta karɓe su a zaure, ba ta ce su zauna ba.

"In kun zo wanke waccan matar ne, ƙofa na nan a buɗe."

"Inna, na zo jin abin da kunnenki ya ji ne. Lokacin da ya faɗi, injin Kafinta na aiki?"

Tsohuwar ta girgiza kai. "A'a. Tsit layin yake, shi ya sa na ji faɗuwar daga ɗaki. Sai da na fito ina salati na ji injin ya tashi."

"Kafinta na ina?"

"Ya ce bari ya shiga shago ya ɗauko waya."

"Wane suna aka rubuta a allon?"

"Layin Dila mana. Tun ina amarya haka ake kiransa. Wasu sun so a sa wani suna mai daɗin ji, Malam ya ƙi. Ya ce shi ya tuƙa motar kashe gobara, ya san mai gudu da wuta a bayansa ba ya tuna sunan kwalliya, sunan da ya tashi da shi yake faɗa. Taurin kai gare shi, Allah ya jiƙansa. Ko lambar layin ba ya cewa sha takwas, sai ashirin ba biyu, yara na yi masa dariya."

"Wane ne Dilan?"

Inna ta ɗago kai a hankali. "Wani ne da aka kama da kajin mutane a buhu, aka zagaya layin da shi. Ya daɗe da rasuwa." Ta dubi wajen shagon. "Uban Kafinta."

Da rana tsaka suka koma shagon. Mutanen layi suka biyo su suna gunaguni, suka cika ƙofa.

Insfekta ta shafa wani gado da ba a gama ba. "Aiki mai kyau. Na wa ne?"

"Na 'yata ne, ranki ya daɗe."

"Har ta isa gado nata na kanta? Shekarunta nawa?"

"Sha takwas."

"Shagon nan, in zan aiko da aiki, wane layi zan ce?"

"Layi na sha tak—" Ya tsaya.

"Ƙarasa mana. Bakinka sha takwas ya sani. Ranar da maƙwabcinka ke kwance cikin jini ne kawai ka tuna da ƙirgar tsofaffi?"

"A wajen Baba na saba ji. Ruɗewa ce."

"Ruɗewar ce ta kunna maka inji? Ka ce a kansa ka durƙusa ka yi waya. Inna ta ce shago ka shiga. Na'ura ta ce a jikin inji kake tsaye."

"Sharri ne! Don ku wanke 'yar gwamnati za ku ɗora wa talaka!"

"Saje, wannan tulin dusar katako ya yi yawa a kusurwa ɗaya. Mai shara da safe bai kamata ya bar shi ba."

Saje ya tura sanda a ciki. Wani abu ya yi ƙara. Ya jawo allon ƙarfe shuɗi, an lanƙwasa shi biyu da guduma. Ya buɗe shi da ƙafa, ya juya wa mutane. LAYIN DILA.

Gunagunin ƙofa ya mutu.

Kafinta ya dubi allon. "Tun ina yawo ba wando ake kirana ɗan Dila. A makaranta, a filin ƙwallo, har ranar da na je neman aure. Na ce to, tsofaffi za su ƙare, sunan ya bi su. Sai ga shi zai kafa shi a ƙarfe a ƙofar shagona, jikokina su koyi karatu da shi. Na roƙe shi. Na je gidansa na durƙusa. Ya ce suna ba na mutum ɗaya ba ne, na masu neman taimako ne."

"Sai ka ja tsanin."

"Girgiza shi na yi don ya sauko. Ya faɗo. Na ga yana numfashi, idonsa a kaina. Na san in ya farfaɗo zai faɗa."

"Me ka ce wa matar a waya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ashirin da biyu."

"Da ta sake tambaya fa?"

"Na ce e."

"Ba biyun kuma?"

"Daga baya na faɗa wa mutane haka. Kowa ya san maganar Baba ce, ba wanda zai yi mamaki."

Saje ya sa masa ankwa. Mai shagon nan da ya yi maganar fifita ya matsa gefe ya ba da hanya, yana kallon takalminsa. Inna na tsaye a ƙofar zaurenta har aka wuce da shi.

Insfekta ta ɗauki allon ta miƙa wa Saje ya sa a mota cikin kayan shaida.

Mai Waya ta ji daidai, ta tura motar inda aka ce mata. Kafinta ne ya ja tsanin, shi ya faɗi layin da ba shi ba.