Ƙofar da Mansura Ba Ta Rufe Ba

Ana kiran magariba a Badarawa, Mansura ta bi gidanta tana rufe ƙofofi da tagogi, kowacce da bismillah. Haka uwarta ta koya mata: ƙofar da aka ambaci Allah a kanta, aljani ba ya buɗe ta.

Ƙofa ɗaya ce ba ta taɓa tunawa da ita ba: rawuta, wato na'urar raba intanet, 'yar gwanjo da mijinta ya haɗa da kyamarar ɗakin 'yarsu, don ya riƙa ganin yarinyar daga Fatakwal inda yake aiki. Ƙaninta Kabir, mai haɗa intanet, ya sha faɗa mata:

"Yaya, ki canza lambar sirrin nan, ta masu ita na da ce. Duk wanda ya san ta, gidanki a buɗe yake."

Kullum amsarta gobe. Mansura da gobe kuwa, sai Allah!

Da ta gama rufe-rufen, tana cikin alwala aka ɗauke wuta. Sai ta ji murya daga ɗakin yarinyar, ƙasa-ƙasa, kamar ta tsohuwa mai mura.

"Juwairiyya."

Mansura ta ajiye buta. Sunan surukarta aka sa wa yarinyar, don haka ba mai furta shi a gidan, Ummi ake ce mata. Ita kanta yarinyar, 'yar shekara uku, ba ta san shi ba.

"Na'am," in ji Ummi.

Mansura ta faɗa ɗakin a guje. Warin ƙonanniyar waya da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ta. Babu wuta, amma korayen fitilun rawutar suna ƙyaftawa. Kyamarar ta juya kanta, ƙiii.

Ummi na kan gado, ta yi ɗage, hannunta a kan sakatar taga.

"Buɗe mana," muryar ta raɗa. "Inda uwarki ta bar mana ya yi ƙunci."

Mansura ta fizgo 'yarta. Jikin yarinyar sanyi ƙalau.

Ta tumɓuke wayar rawutar daga bango. Fitilun ba su mutu ba.

Ayatul Kursiyyu ta sarƙe mata a harshe.

"Bismillah!" kawai ta iya, ta tsunduma rawutar cikin bokitin ruwa.

Wani abu ya ja dogon numfashi. Sai shiru.

Washegari Kabir ya kawo sabuwar rawuta, ya toshe duk hanyar da baƙo zai iya bi. Mansura da hannunta ta sa lambar sirrin, da bismillah. Kyamarar kuwa bola ta tafi.

Amma har yau, da an kira magariba, Ummi kan ajiye abin wasanta, ta dubi taga, ta ce, "Na'am."