Shafin Rajistar Jethro

Da safiyar Litinin Madam Eunice ta faɗo caji ofis kamar an koro ta, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba.

"Insfekta, an kashe ni! An sace uwar kwamfutarmu!"

Insfekta Nuhu Ayuba ya ture kofin shayinsa ya bi ta zuwa ofishinta a Unguwar Boro. A hanya ta zayyana masa komai. Ita ke shugabantar wani ƙaramin kamfani mai gina shafukan intanet. Wata makaranta ta ba su aiki, ranar Laraba za a buɗe shafin a gaban iyaye, in kuwa suka gaza, kamfanin ya mutu. Dokarta ɗaya ce: aiki duka a kan uwar kwamfuta yake zama, ba mai tafiya da shi gida. Ranar Asabar ta kulle ofis, yau ta tarar da tebur fayau.

Nuhu ya duba ƙofa. Kwaɗo lafiya lau. Ga janareto sabo fil, ga wayoyin caji, ba a taɓa ba. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake waɗannan ya rungumi tsohon akwatin kwamfuta? Kai, wannan ɗan gida ne!

Ya fara da Vivian, mai tsara hotuna.

"Wa ya gama nasa aikin?"

"Kowa, Oga, ban da Jethro. Shafin rajistar ɗalibai da aka ba shi, da an danna sai ya ƙame. Har tsokanarsa muke yi."

Jethro kuwa ya gyara kwalar riga ya ce, "Sharri ne. Na gama tuntuni."

Nan Nuhu ya ji Madam na cewa yau ba za a yi taron tsaye ba. Ya tambaya, aka ce ai kullum safe sukan tsaya a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tare masa hanya. Idon Nuhu ya yi haske. Ya ja ta gefe ya raɗa mata magana.

Aka yi da'ira. Vivian ta ce ba ta yi komai ba, babu kwamfuta. Garba, ɗayan mai gina shafuka, shi ma haka. Sai Madam ta juya.

"Jethro, kai ba sai ka yi magana ba. Ko an ga kwamfutar, Garba zan ba shafin rajista. Ya fi ƙarfinka, ba ka iya ba."

Jethro ya zabura, jijiyar wuya ta miƙe.

"Ni ne ban iya ba? Yana aiki, Madam! Jiya na gyara shi, na gwada da hannuna!"



"Jiya Lahadi," in ji Nuhu, daɗi kamar ya yi tsalle. "A kan wace kwamfuta ka gwada?"

 Jethro ya zube a kujera.

"Tana ɗakina a Trikania. Kunya nake ji, Oga. Na ce in gyara a ɓoye in maido."

Madam Eunice ta dafe kai. "Kullum safe ina tambayarka abin da ya tare ka. Kullum ka ce babu."

Nuhu ya kama hannunsa suka nufi mota. A bakin ƙofa Jethro ya waiwayo.

"Garba, don Allah kar ka taɓa shi. Yana aiki."