Ranar da Uwar Agogo Ta Yi Shiru

Da la'asar aka kawo rahoto caji ofis cewa an ɓalle kwaɗon siton wani kamfanin saƙa da rana tsaka, an kwashe wayar jan ƙarfe, kuma wai har an kama mai laifi. Sufeto mutum ne da ba ya son a tauna masa abu a ce ya haɗiye. Yana jin "har an kama" ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya taso.

Wanda aka kaman dattijo ne, mai gadin siton, kowa Baba yake ce masa. An zaunar da shi kan benci, ya haɗa kai da gwiwa. A bakin ƙofar nan ya yi furfura, ko allura ba a taɓa nema an rasa ba, yau ga shi ana nuna shi da baki. In aka rubuta shi ɓarawo, da sunan zai shiga kabari.

Maganarsa ɗaya ce. Da sha biyu yake tashi daga aiki, kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin ƙararrawa, agogon sito yake kallo. Ya ga sha biyu, ya tashi. Mai karɓarsa kuwa ya rantse da sha biyu daidai ya iso, ya tarar da ƙofa hangame, babu kowa.

Manaja ya ce ai tsohon ne ke ƙarya, agogunansu ba sa yi. Ba irin na gida ba ne da ake murɗawa. Akwai wani akwati a ofishinsa da ma'aikata ke kira Uwa, ita ke aika lokaci ta iska ga kowane agogon bango, ita ce kuma ke kaɗa ƙararrawar tashi. Sufeto ya leƙa siton. Agogon na tafiya daidai da na hannunsa, abin haushi.

Sai ga Heluma, shugaban leburori, mijin 'yar Baba, idonsa jajir. Ya ce shi tun safe yana wajen injuna. Ya roƙi a rufa wa surukinsa asiri, tsufa ne, a sallame shi kawai kada a kai kotu. Ya daɗe yana roƙo, Sufeto na sauraro, amma ko sau ɗaya bai ji ya ce tsohon bai yi ba. Wannan ya tsaya masa a rai.

Sufeto ya koma ya durƙusa gaban dattijon. "Baba, yaya ka ga hannayen agogon?"

"Duk a kan sha biyu, ranka ya daɗe, har da siririn nan mai gudu. Ya tsaya cak. Na ce yau na kama shi yana hutawa."

Aka kira Injiniya, matar da ta kafa agogunan. Ta zo da fushinta, don ta ga irin kallon da Sufeto ke mata, kuma ba ta yi kuskure ba, yana zarginta. Ta hau tsani ta sauko da agogon siton, ta cire batir ta mayar. Hannayen uku suka yi ta juyi har suka haɗu a kan sha biyu, suka tsaya. Ta ce haka suke yi, nan suke jiran muryar Uwa, kuma kafin mutum ya shanye kofin shayi sun ji ta sun koma daidai.

"Lokacin zai isa a ɓalle kwaɗo a yi dako?"

"Ina! Sai dai in an zare wa Uwa wuta. To nan zai yi ta tsayuwa. Sauran kuwa za su ci gaba da tafiya da kansu, ba wanda zai lura. Ƙararrawa ce kaɗai ba za ta kaɗa ba."

Makullin ofis, ban da Manaja, ita ce da Heluma ke da shi. Ta ce ita tana wani reshen kamfanin tun safe, Sufeto ya sa Saje ya buga waya ya ji, aka ce haka ne. Manaja kuma ya ce ya fita da hantsi ya tarbo baƙi, suka zauna a ofis har bayan azahar, bai kula da wata ƙararrawa ba.

Mai dafa wa ma'aikata abinci ce ta kula, ita da ba abin da ke wuce ta. Ta ce yau ƙararrawa ba ta yi ba, Heluma ne ya buga tsohon ƙarfen da ke rataye a bakin kicin, Allah ya yi masa albarka, da ba shi ba da aiki ya cakuɗe.

"Da aka ji shiru ne ya rugo?"

"A'a, wane rugo? Tun kafin lokaci yana tsaye da guduma a hannu, yana kallon agogon kicin."

Sufeto ya yi mata godiya, ya sa aka tara Manaja da Injiniya da Heluma a ofis. Bai ɗaga murya ba.

"Heluma, wa ya gaya maka ƙararrawa ba za ta kaɗa ba?"

Ya ce tsammani ne. Can kuma ya ce Injiniya ce ta faɗa masa, ta ce wallahi ƙarya yake. Sai gumi ya karyo masa. Sufeto ya aiki Saje ya bincika motar Heluma, da ya dawo ya ce ga wayar jan ƙarfen can a bayan motar an lulluɓe da ragowar yadi, sai Heluma ya zube kan kujera.

Shi ya zare wa Uwa wuta, ya aiki surukinsa ɗebo ruwa, ya cire batirin agogon sito ya mayar, tsohon na dawowa ya ga sha biyu ya tafi tun lokaci bai yi ba. Da ya gama dako ya zo mayar da wutar, ya tarar da Manaja da baƙi, ba damar shiga sai da suka tashi.

"Da ka yi zamanka wajen injuna, wa zai sani?" in ji Sufeto.

"In ba a buga ba, masu tashi ba su tashi ba, masu karɓa sun shigo, zare ya tsinke. Ban taɓa barin haka ta faru ba. Ƙafata ce ta kai ni."

Saje ya sa masa ankwa. Sufeto ya fita ya ce wa Baba ya tashi ya tafi gida, sunansa ya wanku. Ya zaci zai ga murna. Tsohon ya bi surukinsa da kallo ana tura shi cikin mota.

"Ranka ya daɗe, da ka bar shi a kaina. 'Yata tsohon ciki gare ta, kuma ni zan je in faɗa mata."

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi. Ya shiga gaban mota, ya ce wa direba su tafi.